Ka Auna Ruwanka Kafin Ka Auna Ƙasa



Iyayena da ke zaune a gaba, malamai abokan aikina na da, iyaye mata masu garake, da ku ɗiyana ƴan makaranta da kuka cika bayan rumfa, ina gaishe ku da zama, ina gaishe ku da sanyin safiyar nan. An nemi in zo Filinge in yi magana a kan abin da mutum ke koya a garkar gida, na kuwa karɓa da farin ciki. Shekara talatin da ƴan kai na yi ina riƙe da alli, amma abubuwan da suka fi zauna mini a rai, a bayan ɗakin mahaifiyata na fara jin su, ina riƙe mata ƙwaryar ban ruwa.

Mu fara duba ƙasar da muke zaune a kanta. Garin nan a bakin Dallol Boso yake. Dallol kalmar Fulatanci ce, tana nufin kwari. Wannan kwari gadon wani babban gulbi ne da ya taɓa gudu tun daga Azawak, ya ratso ƙasar Kurfai, ya bi ta Bonkuku da Balayara, ya gangara Boboye, har ya faɗa kogin Kwara wajen Bumba. Dubban shekaru ke nan rabonsa da gudu a sarari. Baƙon da ya taso daga Yamai, ya yi tafiyar kilomita wajen 180 ya iso nan cikin bazara, yashi zai gani da duwatsun gefen kwari, ya ce Allah sarki, da me mutanen nan ke rayuwa? Mu kuwa mun san ruwan bai tafi duka ba, nutsewa ya yi. A tsakiyar kwari, wajen Bonkuku, mita kaɗan za ka gina ka tarar da shi. A kan tudu sai an yi gaba da yawa, igiya ta ci hannun mata kafin guga ya fito. Gawo da goriba da ke tsaye kore cikin zafin Afrilu, ruwan nan na ƙasa suke sha. Duk maganar da zan yi yau a kan wannan ruwa take, da yadda ake zama da shi.

Garkar Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Tana bayan ɗaki, dab da inda ake alwala, an kewaye ta da darnin kara da ƙayar aduwa. Akwai zogale gindi uku, da yakuwa, da guro, da tonka biyar ko shida, da kabewa da ke hawa darni ta bi jinkar ɗaki. Da damina lalo da tafasa su fito da kansu, ta bar su. Ba kasafai take ɗebo ruwa takanas don garkar ba, sai in bazara ta tsananta. Ruwan alwalar gidan duka a gindin zogale yake ƙarewa. Wanda aka wanke hannu, wanda aka ɗauraye ƙwarya, guntun da ya kwana a tulu, kowanne da inda ake kai shi. In ɗayanmu ya watsar da ruwa a tsakar gida, sunansa kawai za ta kira, ta nuna masa garka da baki. Shi ke nan, ya gane.

Ina da shekara 9 aka yi farin 1973. Tsofaffi a lokacin suna kwatanta shi da yunwar 1931, shekarar da fara ta cinye hatsi a yammacin ƙasar nan, garuruwa suka watse. Mahaifinmu yana Kumasi wajen cin rani. Shanu suka mutu, rumbu ya ƙare tun kafin ɗari ya fita. Waɗanda suka kai shekaruna sun san anza, sun san yadda ake jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita a iya ci. Ba zan ce muku zogale uku ne suka ciyar da gidanmu ba. Akwai hatsin taimako da aka raba, akwai anza, akwai abin da dangi suka aiko. Amma kowace maraice Inna takan tsinko ganye, ta dafa, ta cuɗa da ɗan garin da ya samu, mu ci abin da ya yi kama da abinci. Sannan takan cika ƙaramin koko ta ce, "Kai wa maƙwabta, ka ce ba yawa." A shekarar da kowa ke miƙa hannu yana jira, gidanmu yana da abin da zai miƙa wa wani. Sai da na girma na gane abin da kokon nan ya tsare mana. Yaron da aka aika da kyauta cikin yunwa, tafiyarsa dabam ce da ta yaron da aka aika roƙo.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a 1984, damina ta sake gazawa. Shugaban ƙasa na lokacin, Seyni Kunce, ɗan Fandu ne, nan cikin yankinmu, kuma a watan Afrilun 1974 ya karɓi mulki, ƙasa na tsakiyar waccan yunwa. Da fari ya dawo sai ya yi kira ga noman rani: duk inda ruwa yake kusa, tafki ko fadama ko rijiya, a kafa garake, kada a zauna jiran damina mai zuwa. Ƙungiyar matasa ta Samariya ta fito, ma'aikata suka fito, aka raba iri. Kafin nan mutane da yawa a ƙasar Kurfai suna ganin salati da shu da karoti abincin Turawa ne da manyan ma'aikata. Namiji in ya yi girbi jakarsa yake ɗauka. Daga wannan shekara ce garka ta fara samun daraja a idon maza.

Ni kuma a lokacin sabon malami ne, an tura ni wani ƙauye a kan tudu, ina ɗan shekara 20, jini na tafasa. Na tara ɗalibaina, muka sare ƙaya, muka kewaye fili babba. Na ɗauko igiya da ma'auni, na yanka fangali 40, kowanne a miƙe kamar layin littafi. Muka shuka tumatir da salati da shu da albasa. A watan Disamba in ka tsaya a bakin darni, kore ne iya ganinka. Mutane na zuwa kallo, ana sa mini albarka. Rijiyar garin kuwa ɗaya ce, mutane na sha, dabbobi na sha. Watan Fabrairu na kamawa ruwa ya fara ja da baya. Mata suka fara kwana a bakin rijiya suna jiran ta taru. Ɗalibaina, yara ƴan shekara goma, suna bin layi da bokiti cikin iyayensu mata, ana harararsu, kuma da gaskiyar masu hararar. Na rage ban ruwa zuwa sau ɗaya a yini, sannan sau ɗaya a kwana biyu. Tumatir ya zubar da fure, shu ya ƙi ƙullewa, salati ya yi ɗaci ya miƙe. Kafin ƙarshen Maris fili ya koma yadda muka same shi. Har yau ina tuna fuskokin yaran nan ranar da muka cire darni. Wahalar wata huɗu suka sha a kan maganata, kuma ba su kai komai gida ba.

A bayan makarantar akwai wata tsohuwa mai ɗan fangali shida. Ita ba ta fasa tsinkar ganye ba har ruwan farko ya sauka. Na je na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, me na yi ba daidai ba?" Ta ce, "Mushe, ranar da kuka zo da igiya ina kallonku. Ƙasa kuka auna. Ƙasa kuwa ba ta ƙarewa a garin nan, ɗana. Ka auna ruwanka kafin ka auna ƙasa. Kuma kada ka auna shi da ɗari, lokacin da rijiya ke cike. Na bazara za ka auna."

Ni da nake koyar da lissafi, ban yi lissafin da ya kamata ba. Bari mu yi shi tare yanzu, ɗiyana, don ku tafi da shi. Da rani a ƙasarmu, kowane murabba'in mita na kayan lambu yana shan lita 5 zuwa 8 a yini, gwargwadon zafi da iska. Fangali mai murabba'in mita 10 ke nan yana son lita 50 zuwa 80, wato bido biyu ko uku irin mai lita 25, kullum, har a girbe. Fangalina 40, ko a kan lita 6 aka tsaya, lita 2,400 suke nema, kusan bido 100 kowace rana, daga rijiyar da gari ke sha. Da na zauna da takarda minti biyar a watan Oktoba, da na yanka fangali takwas, da yaran nan sun ci tumatirinsu.

Tun daga ranar nake ganin maganar tsohuwar nan a wuraren da babu ko tsiro ɗaya. Ina ganinta wajen magidancin da ya sami kaka mai kyau sau ɗaya, ya ƙaro aure a kan wannan rumbu, ya manta cewa a ƙasar da ruwan samanta ke tsakanin milimita 300 zuwa 400 a shekarar da ta yi daidai, kaka mai kyau baƙuwa ce. Ina ganinta a bikin da aka ci bashi don a fi na maƙwabta, amarya ta tare, iyayenta su shekara biyu suna biya. Ina ganinta wajen uwar da ta shiga adashe uku da cinikin ƙosai ɗaya, da saurayin da ya dawo daga Abijan ko Libiya ya kafa harsashin ɗaki shida, kuɗi suka ƙare a kan taga, ga shi nan shekara takwas awaki na kwana a ciki. Babu malalaci a cikin waɗannan mutane, kamar yadda ɗalibaina ba malalata ba ne. Duka mun auna abin da muke so a lokacin da rijiya ke cike. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, wanda ya yi awon da wuya ya zama shi kaɗai ke shan wahalarsa. Akwai yara a baya da bokiti.

Kada wani ya fita nan ya ce tsohon malami ya ce a haƙura da kaɗan. Tsohuwar nan da na ba ku labarinta, ruwan da take samu bai fi na kowa ba, amma nata ya fi na kowa daɗewa. Fangalinta a nutse suke, ƙasa da doron fili, ruwa ba ya gudu. Takan rufe gindin shuka da ƙaiƙayi da karmami, rana ba ta taɓa ƙasar kai tsaye. Da maraice take ban ruwa, a gindi, a hankali. Gefen gabas ta ƙara tsawon darni saboda iskar hunturu, wadda ke busar da fangali fiye da rana. A gindin tonka ta binne tsohon tulu har wuya, ta cika shi, ta rufe bakin. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu daidai yadda saiwa ke ja, cikawa ɗaya ta kai kwanaki. Ku da ke da ɗakin kwano kuna da abin da ita ba ta da shi. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ne. Rufi mai murabba'in mita 20 a shekarar da aka sami milimita 350 yana zubar da lita 7,000, duro 35 ke nan irin mai lita 200, kuma yawancinsa a titi yake ƙarewa. Wanda ya san iyakar ruwansa shi ne ke zama ya yi tunanin yadda zai ƙara shi.

Haka aka yi a manyan wurare ma. Mutanen Bonkuku sun ga ruwa na kusa, suka faɗaɗa, har dankalin turawansu ya yi suna a kasuwannin Yamai. Inda ruwa ke da wuya, wata dabara aka bi. A Yatenga ta Burkina Faso, Yakuba Sawadogo ya gyara tsohuwar hanyar gina ramu a fako a zuba taki a jira ruwa, har ya mai da fako daji. A ƙarshen shekarun 1980 manoman Illela a jihar Tawa suka je suka gani, suka dawo da ita, ita ce tassa da kuka sani. A Maraɗi, tun daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da manoman yankin suka lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara a gonaki suna da rai a ƙasa, sai a bar reshe biyu ko uku a gyara su su zama itace. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo ta wannan hanya a ƙasarmu. A Sadore, kudu da Yamai, cibiyar ICRISAT ta yi wa magaryarmu aure da wata mai manyan ƴaƴa, ga ta nan ana sayarwa. Duk cikinsu babu wanda ya jawo gulbi daga wata ƙasa. Abin da ke ƙarƙashin ƙafa aka duba da kyau.

Akwai wani ruwan kuma da ake aunawa, shi ne ƙarfin mutum da lokacinsa. Gonar hatsi takan yafe maka kwana uku. Garka ba ta yafewa. Salati a watan Maris in ya yi kwana biyu bai sha ba, ka yi masa sallama. Ranar Lahadi kasuwar Filinge na ci, garka na son ruwa. Ranar salla tana so. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, ko aka yi rasuwa a Cikal ko Tukunus ka tafi gaisuwa, tana so. Saboda haka duk mai garka, ko ya so ko ya ƙi, sai ya sami wanda zai ce wa, "Don Allah ki duba mini shukata, sai jibi." Wanda zai karɓi wannan amana kuwa shi ne wanda kokon ganyenka ya saba shiga gidansa. Iyayena mata da ke nan sun fi ni sanin wannan. Na ga matan da suka yi shekara ba sa ga maciji, rijiyar garka ɗaya ta haɗa su, yau ɗaya na jan guga ɗaya na zubawa.

Sai maganar darni. Akuya ɗaya cikin rabin sa'a tana iya share aikin wata biyu, kuma na ga zumuncin shekaru ya tsinke a kan haka. Ra'ayina a nan a fili yake: mai garka shi ke da alhakin darninsa da farko. Akuya ba ta san naka da nata ba, ganye ta gani cikin rani. Ka toshe ɓarakar kafin ka ɗaga murya. Kuma ka tuna takin da ke gindin tumatirinka daga wajen wa ya fito. Ƙasar Kurfai ƙasar noma ce da kiwo tare; shanun Azawak da ake alfahari da su a tashar kiwo ta Tukunus shaida ne. Iyayenmu bayan girbi sukan gayyaci makiyayi ya sauka a gonarsu, dabbobi su ci kara su bar taki, a ba shi hatsi, ya ba da nono. Inda wannan ya mutu, gona ta rame, gaba kuma ta yi ƙiba.

Shi takin ma da sharaɗinsa. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji in ka zuba a gindin ƙaramar shuka, ƙone ta zai yi. Sai an tara shi a rami da toka da ganye, ana yayyafa ruwa ana juyawa, ya yi zafinsa ya huce, ya yi baƙi ya daina wari, sannan ya zama abinci. Abokan aikina malamai, da ku iyaye, na daɗe ina tunanin wannan a kan faɗan da muke yi wa yara. Sau da yawa abin da muke faɗa gaskiya ne, kuma yaron na bukatarsa. Amma da zafinsa muke zubawa, a gaban abokansa, sai ya ƙone maimakon ya gina. Akwai ɗaliban da na rasa ta haka a shekaruna na farko. Daga baya na koyi barin magana ta kwana.

Ina so in ɗan daɗe a kan dashe, don ya shafi halin da muke ciki. Tumatir da albasa da shu a komi ake renon su, sannan a cire a kai fangali. Duk wanda ya taɓa yi ya san sharuɗɗan. Da maraice ake dasawa, rana ta yi sanyi. Ana ciro tsiro da ɗan ƙasar da ya saba da ita a jikin saiwa, ba a kakkaɓewa. A ba shi ruwa nan take, a yi masa ƴar inuwa. Duk da haka gobe za ka tarar ya langaɓe, ganye a ƙasa, kamar ya mutu. Wanda bai sani ba sai ya ce irin banza ne, ya tuge. Wanda ya sani ya ci gaba da ba shi ruwa, kwana uku ko huɗu ya ga sabon ganye a tsakiya. Tun 2012 ƴan'uwanmu na Mali da suka yi gudun hijira suke zaune a Abala. Bayansu, rashin tsaro ya tuge garuruwa a cikin jihar Tilaberi kanta, mutane sun baro gonaki da rumbuna da kaburburan iyayensu, wasunsu suna cikin unguwanninmu, wataƙila wasu suna cikin rumfar nan. In kun ga dattijon da a garinsu shi ake jira ya yi magana, yau yana zaune shiru a gindin bango, ko yaron da aka kawo ajinku ba ya ɗaga kai, ku tuna da kwanakin nan na farko. Kada a yanke musu hukunci a kan langaɓewa. Kada kuma a nemi su kakkaɓe harshensu da al'adarsu kafin a karɓe su, ita ce ƴar ƙasar da ke jikin saiwa. Na san wata baiwar Allah da aka ba aron kusurwar fili a bayan wani gida. Da ta baro garinsu, irin guro da na yakuwa ta ƙulle a bakin zane. Ranar da ta fara tsinka, ta aika wa masu gidan da koko.

Irin nan da ta ƙullo, shi ma abin dubawa ne. Inna takan zaɓi guron da ya fi kowanne kyau, wanda ya fara fitowa, ta ɗaura masa tsumma. Wannan ba na miya ba ne, ko da baƙo aka yi. Ya bushe a kan uwarsa, ta fasa, ta zuba a gora da toka, ta rataye. Mafi kyau ake ajiyewa, a ci na baya. Haka manoman Galmi suka yi shekara da shekaru har albasarsu ta zama wadda ake nema a Abijan da Akra da Kwatano. Irin leda na kanti yana da amfaninsa, amma wanda aka rubuta wa F1 in ka ajiye ƴaƴansa ba za su fito kamar uwar ba, sai ka koma ka saya. Ku riƙe na gida ko da kuna sayen na waje.

A kan maganin ƙwari zan yi gajeruwar magana, amma da nauyi. Mai garkar gida abin da ya fesa shi ɗansa zai ci, shi ya sa yake tsoro. Ƴaƴan bedi da aka daka aka jiƙa kwana ɗaya, aka tace aka sa ɗan sabulu aka fesa da maraice, suna korar tsutsa da yawa, ga toka, ga tsince ta da hannu da sassafe. Abin da ke damuna shi ne wanda ya fesa maganin kasuwa da ba shi da ko takarda, yau ya fesa gobe ya yanka ya kai kasuwa, alhali na gidansa dabam ya ware. Yaron da zai ci wancan salatin shi ma ɗan wani ne.

Samari, na san da yawanku hankalinku na kan hanya, kuma ba zan zage ku ba. Kurfayawa sun daɗe suna zuwa Kumasi da Akra da Legas, kuɗin cin rani ya rufa wa gidaje da yawa asiri, har da namu. Roƙona ɗaya ne. Kafin ka tafi, ka gyara wa mahaifiyarka ko matarka darni, ka gina mata ramin taki, ka sa mata duro a bakin indararo, ka dasa itace biyu. Aikin mako ɗaya ne. Wata zai zo da aikenka zai makara, ko a rufe iyaka, ko ciwo ya kama ka a can. A wannan wata, abin da ka bari a bayan ɗaki shi zai tsaya a madadinka.

Yanzu ɗari na shigowa, lokacin zuba iri ne. A bakin ƙofa na ajiye ƙwarya cike da irin zogale, jikokin na Inna ne, daga gida zuwa gida muka riƙe su. Kowa ya ɗebi uku, kada ya wuce uku, sai ya ga yadda ruwansa ya ɗauke su. Ku jiƙa su kwana ɗaya. Ku gina rami kamu ɗaya kusa da inda kuke alwala, ku cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ku binne irin zurfin gaɓar yatsa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai tsiro. Ku kare shi da ƙaya tun ranar farko, saboda kaji da ƙadangaru. In ya kai ƙugu ku tsinke kansa, ya yi rassa a inda hannun yaro zai kai. Ganyen da za ku ajiye a inuwa za ku shanya shi, rana tana cinye amfaninsa. Waɗanda suka zo daga garuruwan da aka tasa su fara ɗiba, sannan ƴan makaranta, sannan sauran jama'a.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.